Daga Kano zuwa Hamadar Libiya: Yadda ake neman kaburburan matuƙa jiragen yaƙin da suka ɓata shekara 80 da suka wuce

A bakin ƙofar Valletta, babban birnin tsibirin Malta da ke tsakiyar tekun Bahar Rum, akwai wani dogon ginshiƙin marmara mai tsawon mita 15, da siffar gaggafa a ƙolinsa. A gindinsa an kafa alluna ɗauke da sunayen sojojin sama kusan 2,300 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda har yau ba a san inda kaburburansu suke ba.

Sarauniyar Ingila Elizabeth ta biyu ce ta buɗe wurin a watan Mayun 1954. Cikin jerin yankunan da waɗannan mutane suka tashi tashinsu na ƙarshe akwai Italiya da Tunisiya da Aljeriya da Maroko, akwai kuma Afirka ta Yamma.

Da yawa daga cikin na Afirka ta Yamma teku ce ta haɗiye su, yayin da suke sintirin farautar jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus daga Freetown da Banjul. To amma akwai wata hanyar sama ta kan tudu da ta ratsa Arewacin Najeriya, wadda dubban jiragen yaƙi suka bi, ita ma kuma ta ci nata rabon na rayuka.

Dattawan Talata Mafara da Bakura da Maradun, waɗanda a wancan zamani suke ƙarƙashin Lardin Sakkwato, sun fi sanin wannan yaƙi da sunan yaƙin Hitila ko yaƙin Burma, wato yaƙin da aka kwashi samari aka kai ƙetare. Ba kasafai ake tuna cewa wani sashe nasa ya gudana a samaniyar ƙasar Hausa ba.

Hanyar Takoradi

A watan Yunin 1940 Faransa ta faɗi a hannun Jamus, Italiya kuma ta shiga yaƙin a ɓangaren Hitila. Nan take tekun Bahar Rum ta zama tarko ga jiragen ruwan Birtaniya. Sojojinta da ke Masar suna buƙatar jiragen sama, kuma kai su ta ruwa yana nufin zagaye nahiyar Afirka kaf ta kudu, tafiyar makonni masu yawa.

Sai aka samo dabara. Ana loda jiragen a cikin manyan akwatuna, a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Takoradi da ke Ghana ta yanzu, a harhaɗa su a can, sannan matuƙa su tashi da su. Zangon farko Legas, daga nan Kano, sai Maiduguri, sai Fort Lamy wadda ake kira N'Djamena a yau, sai El Geneina da El Fasher da El Obeid a Sudan, sai Khartoum, daga ƙarshe a bi kogin Nilu zuwa Alƙahira. Tafiya ce ta kusan kilomita 6,000 da kan ɗauki kimanin kwana shida.

Abin da ya sa hanyar ta yiwu shi ne matakin da gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya ɗauka a watan Agustan 1940 na komawa bayan Janar de Gaulle, wanda ya buɗe wa jiragen Birtaniya sararin Chadi. Ayarin farko ya tashi daga Takoradi a watan Satumbar 1940. Zuwa 1943, jirage fiye da 5,000 sun bi ta wannan hanya.

Kano ba baƙuwa ba ce ga jiragen. A farkon watan Nuwambar 1925 jirage uku na rundunar sojin saman Birtaniya suka taso daga Masar suka sauka a filin wasan dawaki na Kano. Wanda ya jagorance su, Arthur Coningham, shi ne daga baya ya zama kwamandan rundunar sama ta hamada a Arewacin Afirka, wato rundunar da ake kai wa jiragen Takoradi. Abin al'ajabi, shi kansa ba shi da kabari. A watan Janairun 1948 jirgin fasinja mai suna Star Tiger da yake ciki ya ɓace a kusa da Bermuda, ba a ga ko ɓurɓushinsa ba.

Tsarin ayarin shi ne jirgi ɗaya mai jefa bama-bamai, galibi ƙirar Blenheim, ya shige gaba, ƙananan jiragen faɗa irin su Hurricane guda biyar ko shida su bi shi a baya. Dalili kuwa, Blenheim na ɗauke da mutum uku, har da mai duba taswira da mai kula da rediyo, alhali ƙananan jiragen mutum ɗaya ne tal a ciki. Idan jagoran ya ɓata hanya, ayarin duka ya ɓata. Idan kuma wani ya rasa ganin jagora a cikin hazo, to ya zama maraya a sararin da bai sani ba.

Daga ƙarshen 1941 Amurkawa suka shigo, suka gyara filayen sauka, suka riƙa kawo manyan jiragensu masu jefa bama-bamai ta Brazil da Accra da Kano.

Hazo, ƙishirwa da iyakar Nijar

Jamusawa ba su cika kawo wa hanyar hari ba, saboda nisa. Wanda aka fi tunawa shi ne na watan Janairun 1942, lokacin da wani jirgin Jamus ƙirar Heinkel ya ratso hamada daga kudancin Libiya ya jefa bama-bamai a filin jirgin Fort Lamy, ya ƙone man jirgi mai yawa. A hanyarsa ta komawa shi ma mai ya ƙare masa, ya sauka a hamada, sai da aka yi kwanaki kafin a ceto mutanensa.

Manyan abokan gaban matuƙan su ne yanayi da nisa. Duk wanda ya san hunturun ƙasar Hausa ya san yadda hazo ke rufe gari har rana ta zama kamar faifai. A damina kuma hadari kan taso da guguwa cikin ɗan lokaci. Ƙura tana shiga injin ta cinye shi. Babu na'urar tauraron ɗan Adam mai nuna hanya, sai agogo da kamfas da taswira, sai kuma bin layin dogo ko kogi da ido. Waɗanda suka rubuta tarihin hanyar sun ambaci yadda ƙonannun tarkacen jirage suka riƙa ƙaruwa a ƙasa yayin da watanni ke shuɗewa.

Akwai kuma haɗarin siyasa. Har zuwa ƙarshen 1942, Nijar da sauran yankunan Faransa na Afirka ta Yamma suna hannun gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus. Maradi da Ƙonni da Damagaram, garuruwan da fataken Sakkwato da Zamfara da Katsina ke shiga da fita kamar gida, sun zama wata ƙasa dabam ga matuƙin Birtaniya. Jirgin da ke gudun kilomita 300 a awa, kuskuren rabin awa ya ishe shi ya tsallake iyaka.

Turawan Birtaniya da suka faɗa hannun hukumomin Vichy ana tsare su a sansanoni masu nisa, wasu har cikin Mali ta yanzu. Shi ya sa a Timbuktu, garin da ke da nisan gaske daga kowace teku, akwai kaburburan ma'aikatan jirgin ruwa biyu na Birtaniya, John Graham da William Soutter, waɗanda suka mutu a tsare a 1942 bayan an nutsar da jirginsu mai suna Allende. Wanda zai nemi su a bakin teku zai gama rayuwarsa bai same su ba.

Jirgin da aka nema a teku, aka tsinta a hamada

Labarin da ya fi kowane shahara a wannan fage ya faru ne a hamadar Libiya, irin wadda matasanmu masu bin hanyar Agadas ke ratsawa a yau.

Ranar 4 ga Afrilun 1943, wani jirgin Amurka ƙirar B-24 mai laƙabin Lady Be Good ya tashi daga filin Soluch kusa da Benghazi, cikin ayarin da zai kai hari birnin Naples na Italiya. Mutum tara ne a ciki, matuƙinsu William Hatton, kuma wannan ne fitarsu yaƙi ta farko. Rundunar da suke ciki ta samo asali ne daga wani rukunin jirage da ya iso Gabas ta Tsakiya a 1942 ta hanyar nan ta tsakiyar Afirka.

A kan hanyar dawowa cikin dare, jirgin ya wuce ta saman sansaninsa ba tare da ya gane ba, ya ci gaba da nausawa kudu har tsawon kimanin awa biyu. Da mai ya ƙare, mutanen suka diro da laima, suna zaton teku ce a ƙarƙashinsu. Jirgin kuwa ya ci gaba shi kaɗai na ɗan nisa, ya sauka da cikinsa a kan tsakuwa, kimanin kilomita 700 daga gaɓar teku.

Masu ceto suka duƙufa nema a teku, inda hankali ya ce nan ya faɗa. Ba su ga komai ba. Aka rufe fayil.

Sai bayan shekara 15, a 1958, wasu masu binciken man fetur na Birtaniya suka hango jirgin daga sama. Da aka isa wurin ta ƙasa a 1959, aka tarar da abin mamaki: jirgin ya karye biyu, amma rediyonsa na aiki, bindigoginsa na nan, har da abinci da ruwa. Mutum ne kawai babu.

Masu bincike suka fara cin karo da alamu a kan hanyar arewa: takalma da aka jera, da ƙyallayen laima da aka danne da duwatsu cikin siffar kibiya. A watan Fabrairun 1960 aka samu gawarwaki biyar wuri ɗaya. Tare da su akwai ɗan littafin da mataimakin matuƙi, Robert Toner, ya riƙa rubuta abin da ke faruwa kullum. Daga nan aka san cewa mutum takwas ne suka haɗu bayan dirowa, da ruwa rabin gora tsakaninsu, suka yi tafiyar kusan kilomita 130 a ƙafa. Biyar suka gaza, uku suka ci gaba da neman agaji. Rubutun ya tsaya ranar 12 ga Afrilu.

An samu biyu daga cikin ukun a watan Mayun 1960, can gaba cikin tuddan yashi. A watan Agusta aka samu John Woravka, wanda laimarsa ba ta buɗe daidai ba tun daren farko. Na taran, Vernon Moore, har yau ba a tabbatar da inda ya kwanta ba.

Abin da ke ƙona rai a labarin shi ne, da sun juya kudu maimakon arewa, da tafiyar da ba ta kai kilomita 30 ba za ta kai su ga jirginsu, inda ruwa da rediyo ke jiran su.

Shekara guda kafin wannan, a watan Mayun 1942, jirage uku ƙirar Blenheim na sojin saman Afirka ta Kudu sun ɓata a kusa da Kufra, duk a Libiya. Guguwar yashi ta hana a gan su da wuri. Cikin mutum 12, ɗaya kacal aka samu da rai. A 2012 kuma wani ma'aikacin kamfanin mai ɗan ƙasar Poland ya ci karo da jirgin faɗa ƙirar Kittyhawk a hamadar Masar, kusan yadda ya sauka a watan Yunin 1942. Matuƙinsa, Dennis Copping, mai shekara 24, ya bar jirgin ya shiga hamada da ƙafa. An kai jirgin gidan tarihi na El Alamein, shi kuwa sunansa na nan cikin jerin waɗanda ba su da kabari.

Yadda ake binciken

Neman kabarin da ya ɓata yana tsaye ne a kan ƙafa uku: takarda, ƙasa, da bakin mutane.

Takarda ita ce farko. Kowace runduna ta sojin saman Birtaniya tana da littafin da ake rubuta tashi da saukar kowane jirgi, da lambarsa, da sunayen waɗanda ke ciki. Waɗannan littattafai da fayilolin waɗanda suka mutu ko suka ɓata suna ajiye a gidan adana takardun tarihi na Birtaniya da ke Kew a Landan. Tun a 1944 rundunar ta kafa wani sashe na musamman don bin sawun sojojinta kusan 42,000 da aka ce sun ɓata. Yawan bai zama abin mamaki ba idan aka tuna cewa rundunar jiragen jefa bama-bamai ta Birtaniya kaɗai ta rasa mutum 55,573 cikin kimanin 125,000 da suka yi aiki a cikin jiragenta.

Kula da kaburburan kuwa aikin Hukumar Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashen Kwamanwel ne, wadda aka kafa a 1917, ake kuma kiranta CWGC a taƙaice. Tana riƙe da sunayen mutum miliyan 1.7 a wurare kimanin 23,000 cikin ƙasashe sama da 150. A Najeriya tana da kaburbura a maƙabartar Yaba da ke Legas da kuma garuruwan Arewa irin su Kano da Kaduna da Maiduguri. Ƙa'idar Birtaniya ita ce a binne soja a yankin da ya mutu. Amurka kuwa tana mayar da nata gida idan dangi sun buƙata, kuma tana da hukuma sukutum mai suna DPAA da har yanzu ke neman sojojinta kimanin 72,000 na wancan yaƙi.

Ƙafa ta biyu ita ce abin da ƙasa ta riƙe. Lambar da aka buga a jikin inji ko wani ƙarfe ita ce ke faɗin wane jirgi ne, daga nan takarda ta faɗi su wane ne a ciki. Alamar shaida da sojan Birtaniya ke ratayawa a wuya guda biyu ce, ja da kore, an yi su da wani irin kwali mai tauri wanda wuta da danshi ke lalatawa. Ta Amurkawa ƙarfe ce, ta fi jure zamani. Don haka sau da yawa ƙaramin abu ne ke warware magana: zobe, agogo, haƙori, ko maɓallin riga.

A ƙasar Holand, inda gwamnati ke da shiri na musamman na tono jiragen yaƙi, an ciro tarkacen wani jirgin Birtaniya ƙirar Stirling daga tafkin Markermeer a 2020. Ya faɗa ne a watan Maris na 1943 yana dawowa daga kai hari Berlin. Da farko an ɗauka wani jirgi ne dabam, kuma cikin abubuwan da suka gyara kuskuren akwai akwatin taba sigari mai ɗauke da harufan sunan ɗaya daga cikin mutanen. An binne su bakwai ɗin a 2022, 'yan uwansu na tsaye. A yau gwajin ƙwayoyin halitta na DNA, musamman ta dangin uwa, yana iya haɗa ƙashi da jikan 'yar uwar mamaci.

Ƙafa ta uku, bakin mutane, ita ce Turawa suka fi rainawa da farko, ita ce kuma ta fi amfani a ƙasa irin tamu.

Abin da hamada ke adanawa, karkara na cinyewa

Lady Be Good ya yi shekara 15 ba wanda ya taɓa shi saboda babu ruwan sama, babu gara, babu mutane. Ƙasar da ke tsakanin Gusau da Sakkwato kishiyar haka ce. Ana ruwa wata huɗu, ciyawa na rufe komai, gara na cinye duk wani itace da aka kafa, kowace shekara kuma garma na bi ta kan gona.

Ga kuma maƙera. Jikin jirgin sama galibinsa sanholo ne, ƙarfen da ake narkawa a zuba tukwane da ludaya da cokula. A karkarar da ƙarfe ke da daraja, tarkacen jirgi ba ya daɗewa a fili. Abin da maƙeran jiya suka bari, 'yan gwangwan na yau sun ɗora a sikeli. Ba za a ga laifinsu ba, amma kowace lamba da ta shiga wuta ta tafi da shaida.

Shi kansa kabarin, a irin zafin nan ba a jinkirta binne gawa. Wanda ya mutu nesa da gari akan binne shi ne kusa da inda ya faɗi, a kafa ɗan itace. Bayan yaƙi an bi irin waɗannan kaburbura a ƙasashe da dama an tattara su zuwa manyan maƙabartu, waɗanda aka iya ganowa ke nan. A al'adar Musulmin ƙasar Hausa kuma ba a gina kabari, ba a rubuta suna. Tudun ƙasa ne da damina biyu ko uku ke shafewa. Abin da ke riƙe da wurin shi ne wanda ya san cewa a gindin wancan marke ko kusa da waccan tsamiya aka sa wane.

A zamanin En'e, labarin wani babban abu da ya faru a daji yana da hanyarsa: mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya aika wa jami'in Turawa, har ya isa teburin Razdan a Sakkwato. Takardun Lardin Sakkwato na wancan lokaci suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Akwai kuma Gidan Arewa a Kaduna da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Mai bincike da ya haɗa rahoton jami'in Turawa da abin da tsofaffin fadar Sarkin Mafara ko ta Sarkin Burmin Bakura ko ta Sarkin Kayan Maradun suka ji daga iyayensu, zai iya sanin abin da Kew kaɗai ba za ta faɗa masa ba.

Matsalar ita ce lissafin shekaru. Yaron da ke da shekara 10 a 1942 ya haura 90 a yau. Waɗanda suka ga wancan zamani da idonsu saura ƙalilan.

Mutanen wannan yanki sun san yadda wuri ke ɓacewa. Da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, tafkin ya shanye gonaki da matsugunan dubban mutane a ƙasar Maradun, tare da duk abin da ke binne a cikinsu. Ko adadin manoman da aka kashe a rikicin Bakolori na watan Afrilun 1980 har yau ana taƙaddama a kansa, alhali abin bai kai shekara 50 ba.

Sai kuma rashin tsaro, wanda ya rufe ƙofar da ta rage. A watan Fabrairun 2021 aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Maris gwamnatin tarayya ta haramta shawagin jirage a sararin Zamfara. A watan Agusta aka kai hari kwalejin aikin gona ta Bakura, a Satumba kuma aka kwashi ɗalibai a garin Kaya na Maradun. Ƙauyuka da dama sun watse, tsofaffin da suka san kowace bishiya sun koma zaman gudun hijira a gari. Ɗalibin tarihi da ke son zuwa ya naɗi muryar dattijo a ƙauye sai ya yi tunani sau biyu.

Namu da suka ɓata

Batun bai tsaya ga Turawan shekara 80 da suka wuce ba. Ranar 12 ga Satumbar 2014 wani jirgin yaƙin Najeriya ƙirar Alpha Jet ya tashi daga Yola bai dawo ba. Makonni bayan haka Boko Haram ta fitar da bidiyon kisan wani mutum da aka bayyana a matsayin matuƙinsa, Wing Kwamanda Chimda Hedima.

Ranar 31 ga Maris 2021 wani Alpha Jet ɗin ya ɓace a Borno, ɗauke da hafsoshi biyu, John Abolarinwa da Ebiakpo Chapele. Sai bayan kusan shekara guda, a watan Maris na 2022, sojojin ƙasa suka sanar da cewa sun ci karo da tarkacensa a dajin Sambisa. Wannan fa a zamanin tauraron ɗan Adam ne da jirage marasa matuƙi.

A Zamfara kanta, ranar 18 ga Yulin 2021, 'yan bindiga suka harbo wani Alpha Jet da ke dawowa daga farmaki. Matuƙinsa, Abayomi Dairo, ya yi fitar burgu da laima. Rundunar sojin sama ta ce ya jira duhu, ya yi amfani da wayarsa wajen gane hanya, har ya isa wani sansanin soja. Wayar da ke aljihunsa ta yi masa abin da mutanen Lady Be Good suka rasa.

A gefe guda kuma, ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta ce Najeriya ce ke da mafi yawan mutanen da aka yi wa rajistar ɓata a Afirka, sama da 20,000, akasarinsu fararen hula daga Arewa maso Gabas. Dabarun da ake amfani da su wajen gano matuƙin Bature, wato rubuta suna da rana, ajiye shaida, jin ta bakin mutanen wuri da gwajin DNA, su ne dai waɗannan iyalai ke buƙata.

Akwai kuma tsohon bashi. A watan Afrilun 2021 wani kwamiti da hukumar CWGC ta kafa ya fitar da rahoton da ya nuna cewa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, aƙalla mutum 116,000, mai yiwuwa har 350,000, akasarinsu 'yan Afirka da Masarawa, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, yayin da Turawan da suka mutu tare da su kowa ya samu dutsensa. Gwamnatin Birtaniya ta nemi afuwa a majalisa, hukumar kuma ta fara aikin tono sunayen.

Na Yaƙin Duniya na Biyu sun fi samun rubutu. Sojojin Najeriya sun yi yaƙi a Habasha, sannan a Burma cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Waɗanda suka mutu a can ba a ga gawarsu ba, sunayensu na cikin kusan 27,000 da aka sassaƙa a ginin tunawa na Rangoon da ke maƙabartar Taukkyan a ƙasar Myanmar.

Rajistar hukumar tana kan intanet kyauta, ana iya duba ta da waya. Da yake sojojin Arewa da yawa an ɗauke su ne da sunan garinsu a matsayin suna na biyu, mai neman kakansa zai iya farawa da rubuta sunan gari kamar Kano ko Katsina ko Zaria, ya ga lambar soja da runduna da ranar mutuwa da inda aka rubuta sunan. Sai dai ya tuna cewa akawun Turawa ne suka rubuta: Sokoto zai sa maimakon Sakkwato, idan kuma Garba bai fito ba ya gwada Garuba, idan Ahmadu bai fito ba ya gwada Amadu.